Yadda Ake Dafa Ƙiyayya: Darasi Daga Hotel Rwanda Da Shari'ar Wani Mawaƙi

Yau ba sharhin sabon fim na kawo muku ba, kuma babu labarin wane ya saki sabuwar waƙa. Magana ce mai ɗan nauyi, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don ta shafe mu kai tsaye, mu da kunnenmu ba ya rabuwa da iyafis.

Duk wanda ya tashi da kallon fim ya san yadda ake gane bos. Ka tuna Gabbar Singh a Sholay na 1975, ko Mogambo da Amrish Puri ya fito a Mr. India na 1987. Tun kafin ya buɗe baki kiɗa ya canza, ga jan ido, ga muguwar dariya. Fim ya saba mana da cewa mugu daban yake da mu, halittarsa ma daban. To masana halayyar ɗan Adam da suka shafe shekaru suna bincike kan 'yan ta'adda da masu kisan ƙiyayya sun gano akasin haka. Yawancin masu aikata waɗannan abubuwa lafiyar ƙwaƙwalwarsu ƙalau. Manoma ne, ɗalibai ne, direbobi ne, masu son ƙwallo da kiɗa kamar ni da kai. Ƙiyayyar da ta kai su ga zubar da jini dafa ta aka yi a hankali, kuma sau da yawa da nishaɗi aka ɗanɗana mata gishiri.

Don mu ga yadda girkin yake, zan ɗauki ƙasar Ruwanda a matsayin misali, saboda a can ne rediyo da waƙa suka taka rawar da har ta kai wani mawaƙi gaban kotun duniya.

Abin da ya faru a Ruwanda a taƙaice

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar gabashin Afirka. Manyan rukunan mutanenta biyu ne: Hutu (sunan ƙabila ne, ba hutun makaranta ba), waɗanda su ne mafi rinjaye, da kuma Tutsi. Harshensu ɗaya, Kinyarwanda, a kan tuddai ɗaya suke zaune, kuma suna auratayya. Turawan Beljiyam da suka mulki ƙasar sun fito da katin shaida a shekarun 1930 wanda ke rubuta ƙabilar kowa, suka fifita Tutsi a makaranta da aikin gwamnati. Daga 1959 reshe ya juye da mujiya, mulki ya koma hannun Hutu, Tutsi da yawa suka yi gudun hijira. A watan Oktoba na 1990 'yan tawayen RPF, waɗanda galibinsu 'ya'yan waɗannan 'yan gudun hijira ne, suka shigo da yaƙi daga Yuganda.

Ranar 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin saman shugaban ƙasa Juvénal Habyarimana a Kigali. Daga wannan dare, cikin kwana kusan 100, aka kashe mutanen da ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai kimanin 800,000, mafi yawansu Tutsi, haɗe da 'yan Hutu da suka ƙi goyon bayan kisan. Da adda da kulki aka yi mafi yawan kisan, kuma sau da yawa wanda ya kashe ya san sunan wanda ya kashe.

Fim ɗin Hotel Rwanda na 2004, wanda Don Cheadle da Sophie Okonedo suka ja, ya nuna yadda mutum sama da 1,200 suka fake a otal ɗin Mille Collines. Akwai kuma Sometimes in April na 2005, inda Idris Elba ya fito a matsayin soja ɗan Hutu mai mata 'yar Tutsi, ɗan uwansa kuma ma'aikacin gidan rediyon da ke hura wutar. In kun kalli ɗaya daga cikinsu, ku tuna muryar rediyon nan da ke tashi a bayan fage. Za mu dawo kanta.

Mataki na farko: mu da su

Akwai wani masani mai suna Henri Tajfel, Bayahude ɗan asalin Polan wanda ya rasa danginsa a kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi. Tambayar da ta dame shi ita ce: me ake buƙata kafin mutane su fara nuna wa juna bambanci? A farkon shekarun 1970 ya tara yara maza 'yan makaranta a birnin Bristol na Ingila, ya nuna musu zane-zanen wasu masu zane biyu, ya ce an raba su gida biyu gwargwadon zanen da kowa ya fi so. Yaran ba su san waye ke rukuninsu ba, ba gaba, ba tarihi, ba komai. Da aka ba su dama su raba maki tsakanin wasu yaran, sai suka riƙa fifita 'yan rukuninsu. Abin mamakin ma, sau da yawa sun gwammace nasu ya samu kaɗan in dai zai fi na ɗaya ɓangaren, a kan kowa ya samu da yawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ku duba yadda masoyan jarumi kaza da na jarumi kaza suke yi a Facebook da TikTok, ko 'yan Madrid da 'yan Barcelona a gidan kallon ƙwallo. Son naka ba laifi ba ne, haka zuciya take. Matsalar tana farawa ne lokacin da wani mai buƙata ya zo ya ce maka rayuwarka ba za ta yi kyau ba sai an kawar da su. A Ruwanda, katin shaidar nan ya mayar da "mu da su" abin da ake karantawa a takarda. A 1994, a shingayen hanya, kalma ɗaya a kan kati ce ke raba wanda zai wuce da wanda za a ja gefe.

Mataki na biyu: neman wanda za a shafa wa kashin kaji

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Ruwanda ya tsage ta ko'ina. Farashin kofi, wanda ƙasar ta dogara da shi, ya faɗi warwas a 1989. Gonaki sun yi wa jama'a kaɗan, samari ba aikin yi, ga yaƙi a arewacin ƙasar. A Oktoba 1993 kuma sojoji 'yan Tutsi a maƙwabciyarsu Burundi suka kashe zaɓaɓɓen shugaba ɗan Hutu, Melchior Ndadaye, tsoro ya ƙara kama mutane.

Mutumin da ke cikin ƙunci yana son amsa mai sauƙi. Faɗuwar farashi a kasuwar duniya ba ta da fuska, ba za ka iya jifan ta ba. Maƙwabcinka kuwa yana da fuska da gida da shanu. Masana suna kiran wannan juya fushi: ka kasa kaiwa ga abin da ya cuce ka, sai ka huce a kan wanda hannunka zai iya kaiwa.

Masu farfaganda a Ruwanda sun yi amfani da wata dabara da aka samu a rubuce a wata takarda bayan kisan, wadda mai bincike Alison Des Forges ta yi bayaninta. Sunan dabarar zargin madubi: ka zargi abokin gabarka da shirya ainihin abin da kai kake shiryawa. Aka riƙa faɗa wa talakawan Hutu cewa Tutsi sun gama shirin hallaka su. Wanda ya yarda da haka, in ya ɗauki adda, a ransa kare 'ya'yansa yake yi. Ku riƙe wannan da kyau, domin kusan duk saƙon tunzuri da zai shigo wayarku da wannan rigar yake zuwa: "suna nan tafe, in ba mu riga su ba za su gama da mu."

Mataki na uku: cire wa mutum rigar mutuntaka

Kashe mutum abu ne mai wuya ga zuciya mai lafiya. Shi ya sa kafin a kai ga kisa, sai an fara canza wa mutum suna. A Ruwanda sunan da aka laƙaba wa Tutsi shi ne inyenzi, wato kyankyasai. Wani lokaci a ce macizai. 'Yan Nazi sun yi fim a 1940 da ya kwatanta Yahudawa da ɓeraye. Ba wanda ke jin nauyin taka kyankyaso, kuma wannan shi ne amfanin sunan.

Gordon Allport, wani masani Ba'amurke, ya jera matakai biyar na ƙiyayya a littafinsa na 1954. Na farko baƙar magana da barkwancin cin fuska. Na biyu ƙaurace wa mutane. Na uku nuna musu wariya a aiki ko haya ko makaranta. Na huɗu kai musu hari. Na biyar ƙare dangi. Ba kowace baƙar magana ce ke kaiwa ga mataki na biyar ba, amma kowane mataki yana sauƙaƙa na gaba da shi.

Nan ne rediyon RTLM ya shigo. An buɗe shi a Yuli 1993. Gidan rediyon gwamnati na lokacin irin mai sanyin nan ne, labarai da sanarwa. RTLM kuwa ya zo da zafafan kaɗe-kaɗen Kwango, da masu gabatarwa masu barkwanci da yaren titi, irin su Kantano Habimana. Samari suka rungume shi don yana da daɗin ji. A tsakanin waƙa da waƙa ake sako kalmar kyankyasai, ana dariya. Da kisan ya fara, wannan muryar da aka saba da ita ce ta koma karanto sunayen mutane, da lambobin motocinsu, da inda suka ɓuya.

A Disamba 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta samu biyu daga cikin jagororin gidan rediyon, Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, da laifi, tare da Hassan Ngeze mai jaridar Kangura. Wani masanin tattalin arziki, David Yanagizawa-Drott, ya kwatanta ƙauyukan da rediyon ke kamawa sosai da waɗanda tuddai suka tare musu, ya ƙiyasta a 2014 cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga kisan ana iya danganta shigarsu da rediyon. Baki dai shi ke yanka wuya.

Mawaƙin da ya tsaya gaban kotu

Simon Bikindi yana cikin mawaƙan da suka fi farin jini a Ruwanda a wancan lokaci. Yana da ƙungiyar rawa da kiɗan gargajiya, ya iya sarrafa harshe, ya san tarihi. Wasu waƙoƙinsa suna tuno wa Hutu wahalar da kakanninsu suka sha a zamanin sarautar Tutsi, wata kuma tana caccakar 'yan Hutun da ake ganin sun juya wa nasu baya. RTLM ya riƙa saka su ba dare ba rana, kuma shaidu sun faɗa wa kotu cewa waƙoƙin sun ƙara wa makasa ƙaimi.

An kama shi a ƙasar Holan a 2001. A Disamba 2008 kotun Arusha ta yanke masa shekara 15. Ga inda ya kamata mu lura: kotun ta yarda cewa waƙoƙin sun yaɗa ƙiyayya kuma an yi amfani da su wajen zuga mutane, amma ba a kansu ta ɗaure shi ba, don tun kafin 1994 ya yi su, kuma ba a tabbatar da cewa shi ya sa aka riƙa saka su lokacin kisan ba. Abin da ya ɗaure shi shi ne kiran da ya yi da lasifika daga cikin mota a watan Yuni 1994 a yankin Gisenyi, yana zuga mutane su fito su kashe Tutsi. Ya rasu a Jamhuriyar Benin a 2018.

Me ya sa waƙa ta fi huɗubar ɗan siyasa shiga jiki? Kun fi ni sani. Jawabi sau ɗaya ake ji, waƙa kuwa sau ɗari, har ka tsinci bakinka yana bin baitin da ba ka taɓa tsayawa ka auna ma'anarsa ba. Masana sun nuna cewa maganar da aka yi ta maimaitawa tana ƙara kama da gaskiya a ƙwaƙwalwa, ko da ƙarya ce. Ga kuma amshi: mutum ɗari suna faɗin abu ɗaya da murya ɗaya, kowa sai ya ji ai duk gari ra'ayin ke nan.

Mataki na huɗu: umarni daga sama da bin yarima a sha kiɗa

A 1961, a jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram ya gayyato mutanen gari ya ce musu gwaji ne kan koyo. Aka zaunar da kowa gaban wata na'ura, aka ce duk lokacin da ɗalibin da ke ɗaya ɗakin ya ba da amsa ba daidai ba, a danna masa lantarki, ana ƙarawa da bolt 15 kowane karo har zuwa 450. Ɗalibin ɗan wasa ne, babu wutar gaske, amma mai dannawa bai sani ba. Yana jin ana buga bango, yana gumi, yana cewa a tsaya, sai mutumin da ke sanye da rigar masana ya ce ci gaba. Cikin mutum 40, 26 sun kai har ƙarshe.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, in mai iko ya ce shi ya ɗauki alhaki, mutane da yawa sukan ajiye nasu tunanin. Na biyu, ba wanda aka ce ya fara da 450. Daga 15 aka fara. Wanda ya danna 15 zai ga 30 ba wani bambanci, haka har ya wuce inda bai taɓa zaton zai kai ba.

Kafin shi, a shekarun 1950, Solomon Asch ya yi wani gwajin mai sauƙi: a nuna layuka a tambayi wanne ya yi daidai da wanne. Amsar a fili take. Amma idan duk 'yan ɗakin, waɗanda aka haɗa baki da su, suka faɗi amsar banza, kusan mutum uku cikin huɗu sun bi su aƙalla sau ɗaya. Idonsu na ganin gaskiya, bakinsu na bin jama'a.

Scott Straus, wanda ya yi hira da fursunoni kusan 200 da suka amsa laifin kisa a Ruwanda, ya samu cewa yawancinsu magidanta ne na yau da kullum, masu gona da iyali, da yawa ma suna da dangi ko abokai Tutsi. Dalilan da suka fi ambata su ne tsoron yaƙi da matsin lamba daga 'yan uwansu Hutu da shugabannin yanki. A ganinsa, mutumin da ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce fito ya fi rediyo tasiri. Rediyo da waƙa sun share fili, maƙwabta da masu unguwa suka ja mutane zuwa cikinsa.

Mataki na biyar: lallashin zuciya

To bayan mutum ya aikata, yaya yake iya barci? Albert Bandura ya yi bayanin dabarun da zuciya ke bi ta kashe ƙararrawar da ke cikinta. Ɗaya ita ce sauya wa aikin suna. A Ruwanda ba a cewa za a je kisa, "aiki" ake cewa. Wata ita ce raba alhaki: mu hamsin ne, ba a san saran wa ya kashe ba. Akwai tura alhaki sama: umarni aka ba ni. Akwai ɗora laifi a kan wanda aka zalunta: su suka jawo wa kansu. Akwai kuma kwatanta laifinka da wanda ya fi shi muni don naka ya zama ƙarami. Ku saurari duk wani mai kare ta'asa, ko a wace ƙasa yake, za ku ji ɗaya daga cikin waɗannan.

Ina ta'addanci da laifin ƙiyayya suka shigo?

Abin da ya faru a Ruwanda kisan ƙare dangi ne da hukuma ta tsara. Laifin ƙiyayya shi ne a kai wa mutum hari saboda ƙabilarsa ko addininsa ko launin fatarsa, ko da mutum ɗaya ne ya aikata. Ta'addanci kuma shi ne amfani da tashin hankali a kan fararen hula don a tsorata al'umma a cimma wata manufa ta siyasa ko aƙida. Girmansu ya bambanta, amma kayan miyan kusan ɗaya ne.

Jack Levin da Jack McDevitt sun bi fayilolin 'yan sandan birnin Boston na Amurka kan laifukan ƙiyayya, suka kasa masu aikatawa gida huɗu: masu neman nishaɗi, masu ganin suna kare unguwarsu, masu ramuwar gayya, da masu ganin aiki ne aka ɗora musu. Kusan biyu cikin uku 'yan rukunin farko ne, wato samari a gungu da suke neman abin da zai motsa musu jini su burge juna. Masu riƙaƙƙiyar aƙida su ne mafi ƙaranci.

A ɓangaren ta'addanci, Fathali Moghaddam ya kwatanta shi a 2005 da matakalar bene mai ƙara tsukewa. A ƙasa akwai miliyoyin mutane masu jin an zalunce su. Kaɗan sukan hau hawa na farko neman mafita. In sun tarar ƙofofi a rufe, wasu su hau na biyu, inda ake nuna musu wanda za su huce a kansa. A na uku ƙungiya ta fara koya musu cewa tashin hankali halal ne a kan wannan maƙiyi. A na huɗu duniya ta zama gida biyu kawai, kuma fita ta yi wuya. Na biyar shi ne aikatawa. Duk hawan da aka ƙara, hanyoyin komawa baya suna raguwa.

Arie Kruglanski ya ƙara da cewa abu uku ne ke haɗuwa: ƙishirwar a san da kai, labarin da ke ce maka ga yadda za ka zama gwarzo, da abokan da za su tafa maka. Saurayin da aka wulaƙanta, wanda ba wanda ke tambayar ra'ayinsa ko a gidansu, in aka ba shi bindiga da muƙami da sabon suna, an ba shi abin da ya daɗe yana nema. Fim ɗin Timbuktu na Abderrahmane Sissako, na 2014, ya kama wannan da kyau. Akwai wani yaro tsohon mawaƙin rap da aka zaunar gaban kyamara ya yi bayanin dalilin shigarsa, sai ya kasa, kalmomin ba daga zuciyarsa suke fitowa ba. A fim ɗin kuma an haramta kiɗa da ƙwallo, yara suna buga wasa ba ƙwallo a fili.

Wannan ɓangaren ya taɓa mu a gida. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da rahoto a 2017 bayan hira da mutum kusan 500 da suka shiga ƙungiyoyi irin su Boko Haram da Al-Shabaab da ƙafarsu. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe shi ne wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki. Fiye da rabi kuma sun amsa cewa iliminsu na littattafan addini kaɗan ne ko babu. Wanda ya kalli The Milkmaid na 2020, fim ɗin da Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi, ya ga yadda wadda aka sace za ta iya komawa mai kare waɗanda suka sace ta, saboda a can ne ta samu matsayi.

Fahimtar waɗannan dalilai ba wanke mai laifi ba ne. Mutane miliyoyi suna cikin talauci da zalunci iri ɗaya kuma ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Likita yana nazarin cuta ne don ya san inda zai tare ta.

Waɗanda suka ce a'a

Gwaje-gwajen nan da na ambata suna da ɗaya fuskar da ba a cika faɗa ba. A gwajin Asch, in mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi gaskiya, bin jama'a yakan faɗi ƙasa sosai. A wani zubin gwajin Milgram, da aka sa mutum biyu suka ƙi ci gaba a gaban mai dannawa, 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe. Ashe ƙin yarda ma yana yaɗuwa.

A Ruwanda an ga haka. Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal da ke aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙa ɗaukar mutane a motarsa yana ratsa shingaye da barkwanci da sigari, ba bindiga a hannu, har ya rasa ransa ranar 31 ga Mayu 1994. Wata tsohuwa mai suna Zura Karuhimbi ta ɓoye mutane da dama a gidanta, ta riƙa tsorata makasa da cewa aljanunta za su kama duk wanda ya shiga. A Maris 1997 kuma, da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren Nyange suka ce ɗalibai su ware Hutu gefe Tutsi gefe, yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. An kashe wasu daga cikinsu, kuma yau ƙasar tana lissafa su cikin gwarazanta.

Rediyon ma an juya shi. Daga 2004 aka fara wani wasan kwaikwayo na rediyo a Ruwanda mai suna Musekeweya, labarin ƙauyuka biyu masu gaba da masoya biyu a tsakaninsu. Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraro tsawon shekara guda, ta kwatanta su da waɗanda aka ba wani shirin na kiwon lafiya. Abin da ta samu ya ba ni sha'awa: shirin bai canza abin da mutane suka yi imani da shi a zuci sosai ba, amma ya canza abin da suke ganin jama'a sun yarda da shi, suka fi sakin jiki da auratayya, suka fi iya faɗin ra'ayin da ya saɓa wa na taro. Wato fim da waƙa suna gaya wa mutum abin da "kowa" ke yi, mutum kuma yakan bi kowa.

To mu ina ruwanmu?

Yanzu ba sai an gina gidan rediyo ba. Duk mai waya da data gidan rediyo ne. Ga tambayoyin da nake ganin ya kamata mu riƙa yi wa kanmu kafin mu tura waƙa ko bidiyo ko barkwanci gaba. Shin an kira wasu mutane da sunan dabba ko cuta ko ƙazanta? An ɗauki laifin mutum ɗaya an shafa wa ƙabila ko addini gaba ɗaya? Ana ce min in ban yi sauri ba za su riga mu? Ana zagin namu da suka ce a yi haƙuri, ana kiran su munafukai ko 'yan amshin shata? In amsar ɗaya daga ciki e ce, to daɗin kiɗan ko yawan dariyar ba hujja ba ce, ka bar shi ya mutu a wayarka.

Ga mawaƙanmu da marubutan fim, musamman masu tasowa da ke karanta wannan shafi: lokacin siyasa za a zo muku da kuɗi a ce ku yi habaici. Habaici ga ɗan takara daban, zagin asalin mutane daban. Bikindi ya yi waƙoƙinsa tun kafin a fara kisa, kuma da suka bar hannunsa bai da iko da inda aka saka su. Sannan in za ku rubuta bos, ku daina ba shi harshe ko shigar wata ƙabila kullum, don yaro mai kallo yana haddacewa.

In kuma kana da aboki da ka ga ya fara janyewa, zancensa ya koma "mu" da "su", kada ka yi masa dariya a majalisa, kada kuma ka yanke shi. Wulaƙanci da kaɗaici su ne ke tura mutum hawa na gaba. Ka ja shi a jiki, ka saurari abin da ke cin sa, ka haɗa shi da babban da yake jin nauyi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda bai kalli Sometimes in April ba ya nema, amma ku sani akwai wurare masu tayar da hankali, ba na kallo da ƙananan yara ba ne. Ku kalla ku lura da ɗan uwan nan ma'aikacin rediyo, yadda yake ganin shi dai magana kawai ya yi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.